Talata: amsar da ba ta ishe ni ba

Da azahar Auta ta tambaya me ya sa duniyar Mars ta rasa iskarta alhali tamu tana nan, sai Yaya ya amsa mata daga kan tabarma cewa garkuwar maganaɗisu ce Mars ba ta da ita. Ta gamsu ta tafi, ni kuwa amsar ta tsaya mini a rai har bayan isha'i.

Maganarsa tana da tushe. Can ƙololuwar sararin Mars, hasken altarabayolet na rana, wani haske da ido ba ya gani, yana sa ƙwayoyin oksijin su ɗauki caji, su zama ayon. Da zarar haka ta faru, iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa, wadda ke tahowa da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa ɗauke da nata maganaɗisun, tana iya fizgar su ta yi gaba da su. Kumbon MAVEN na hukumar NASA, wanda ya isa can a Satumban 2014, ya auna hakan, kuma a 2015 aka sanar cewa kimanin giram 100 na iskar Mars ke zurarewa kowace daƙiƙa, mafi yawa ta bayan duniyar, ɓangaren da ba ya fuskantar rana.

Bayan cin tuwo na tayar da zancen, ya ce, "Ƙanwata, yarinya ce, kada ki cika mata kai." Ban ja da shi ba, amma raina bai so ba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne tauraruwar Zara, wato duniyar Venus. Ita ma ba ta da garkuwar, ta kuma fi Mars kusa da rana, duk da haka nauyin iskarta a ƙasa ya ninka namu kusan sau 90. Duniyarmu mai garkuwar ma tana zubar da ayon na oksijin ta ƙuryar arewa da ta kudu, inda layukan maganaɗisun suke a buɗe. A ganina ƙarfin jan da kowace duniya ke da shi ne ba a ba haƙƙinsa: gudun kilomita 5 a daƙiƙa ya isa ƙwaya ta kuɓuce wa Mars, a Zara kuwa sai ta haura 10, a nan 11.

Sannan iskar rana ba ta kwasar ƙwayar da ba ta ɗauki caji ba. Lokacin da rana take ɗanya, shekaru biliyoyi da suka wuce, hasken altarabayolet mai sa ƙwayoyi su ɗauki caji ya fi na yanzu tsanani ƙwarai, kuma a wancan zamanin ne masana ke ganin Mars ta yi babbar asararta.