Yankan waƙa da kunne

Shekara uku ke nan ina zama a shagon Yayana a Tudun Wada, inda ake cajin waya ana tura waƙoƙi da karatu a memori. Ni ba na gani, shi ya sa da fari aikina bai wuce karɓar kuɗi da gadin shago ba idan ya fita. Sautin kira ne ya fara ba ni kujera a gaban kwamfuta.

Buƙatar kaina ce ta ja ni. Wata rana ina cikin keke za mu Kawo, kira ya shigo, TalkBack, mai karanta mini abin da ke kan allon waya, ya kwarara sunan da na sa wa mai kiran: “Mai bin bashi.” Har direba sai da ya dara. Daga ranar na ƙudura kowane na kusa da ni sai ya samu sautinsa daban, in gane shi ba tare da waya ta tona mini asiri ba.

Manhajoji biyu nake aiki da su, duka kyauta ne. NVDA ita ke karanta mini abin da ke kan allo. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka haɗa ta, an fara ta a 2006. Audacity kuma ita ke yanka sauti. Yaya yana kallon zanen sautin ya ja da linzamin kwamfuta. Ni sai in danna dogon maɓallin ƙasa waƙa ta tashi, in ta kai inda nake so in danna alamar baka ta hagu, wadda ke kusa da harafin P, in ta kai ƙarshe in danna ta dama. Ctrl da T su zubar da sauran. In na yi kuskure, Ctrl da Z.

Maɓallan a mako guda na haddace su. Abin da ya ci mini watanni shi ne sanin inda ake yanka. Na farko da na yi wa wani Alhaji mai shagon yadi a Kasuwar Barci, na ɗauko waƙar tun daga farkonta, inda kiɗa ke tasowa a hankali. Bayan kwana biyu ya dawo: “Malam, kira uku na rasa jiya. Kafin abin nan naka ya buɗe baki mai kira ya gaji.” Gaskiyarsa. A shago da abin kunne na saurara, shi kuwa wayarsa tana aljihun babbar riga, ga janareto, ga hayaniyar kasuwa. Yanzu daga amshi nake farawa, inda murya ta riga ta ɗaga, kuma ba na miƙa wa kowa sai na gwada a lasifikar wayarsa. Ƙaramar lasifika tana haɗiye ganga mai kauri, amma kalangu da algaita ras suke fita.

Ƙarshen ma haka. Waya tana maimaita sautin, to in ka datse mawaƙi a tsakiyar kalma, duk zagaye sai ka ji kamar an shaƙe shi. Ina jira sai ya ja numfashi, in yanka a nan, in sa daƙiƙa biyun ƙarshe su dushe. A wannan kam na fi Yaya, ko da yake bai taɓa yarda da bakinsa ba. Sai dai ya turo mini kujera ya ce, “Auta, duba wannan.”

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ba na wuce daƙiƙa 30. A Tecno da Itel da Infinix, MP3 a cikin foldar Ringtones ya wadatar. iPhone kuwa an saba sai an mai da fayil ɗin zuwa nau'in m4r. Ina sauya sunan fayil nan take, don wanda aka turo ta WhatsApp lambobi ne zalla, NVDA ta yi ta jero su har kai ya yi ciwo. Kuma kan kwafi nake aiki, tun ranar da na danne wa wata baiwar Allah waƙar bikinta guda da guntun daƙiƙa 25.

Aiki ɗaya ne ba na karɓa: yanka ƙira'a. Mai waya zai ɗaga kira a tsakiyar aya, wayar kuma har bayan gida ake shiga da ita. Wasu su ji haushi su tafi wani shago. Masu haƙuri ina yi musu tayin kukan kurciya da na naɗa a tsakar gidanmu da sassafe, wanda shi ne sautin Inna a wayata.