Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Littafin da Lanƙwasarsa ta Ɓace

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya damƙa ni a hannun Yaya Babba a maɗaba'a, amma tun daga ranar maganar littafin addu'o'in nan take damuna, don haka zan gabatar da ita yau, ko da yake akwai shekaru tsakaninta da shigata shagon.

Wajen 2002 da manhajar PageMaker muke tsara littattafai, kalanda da katin biki kuwa da CorelDRAW. Littafi mai launi ɗaya a kan takardar tiresin muke fitar da shi da firinta, rubutun a juye, sannan a gasa shi a kan faleti a kai wa masu injin bugu na Kord. Matsalar Hausa a lokacin ita ce haruffa masu lanƙwasa. Samfurin haruffan da muke aiki da shi, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, ya ɗora ƙ da ɗ da ɓ ne a gurbin wasu alamomi, saboda haka duk kwamfutar da ba ta da samfurin sai ta mayar da su asalinsu, "ƙasa" ta fito "}asa", "ɗaya" ta fito "]aya".

Firintarmu ta lalace ana saura kwanaki a kai wa mai littafin addu'o'in kayansa, sai a wani shago za a fitar da tiresin. Na ba Yaya Babba faifai biyu, ɗaya na aikin, ɗaya na samfurin haruffa, na kuma ce masa, "Yaya, don Allah a fara sa na biyun kafin a buɗe na farkon." Ya bar na biyun a aljihun babbar rigarsa. PageMaker ba ya yin shiru a kan irin wannan, yana fito da sanarwa cewa akwai samfurin da bai samu ba kuma zai musanya shi da wani, amma yaron shagon da aka je ya danna amincewa ya wuce. Aka gasa faleti, aka buga kwafi 1,000, aka ɗinke, sai a hannun mai littafin aka ga ɓarnar.

Kawu yana da wata magana da duk wanda ya zauna gidanmu ya sani: a tambayi takarda kafin a tambayi yaro. Da Yaya Babba ya ɗaga tiresin nan sama ya duba, da ya ga inda aka karkace. Bai tambayi takarda ba. A gaban Inna ya ce ni na lalata aikin mutane, ya kuma riƙa zaftare kuɗin takarda da faleti daga albashina har ya cika.

Wannan zaftarewar ce ta mayar da ni mai bin diddigi, har makwabtan shaguna suka riƙa aiko mini idan aiki ya ƙi fita. Nakan fara da tura shafi guda mai rubutu zalla daga wata manhaja, domin idan ya fita, firinta da wayarta ba su da laifi, cutar tana cikin fayil. Idan bai fita ba, galibi wani tsohon aiki ne ya maƙale a layin bugu na Windows bayan NEPA ta ɗauke wuta, sai a tsayar da layin, a share abin da ya taru, a sake tayar da shi. Idan kuwa firinta ta tofo takarda ɗauke da saƙon kuskure na limitcheck ko VMerror, to zane ya yi mata sarƙaƙiya ko ƙwaƙwalwarta ta cika. A nan nake raba littafin biyu in tura rabi, rabin da ya ƙi in sake raba shi, har in kai ga shafin da ke da laifi, daga nan in cire hotunansa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa hoto ne da aka sauya wa wuri, manhajar tana nuna inuwarsa a allo alhali ainihinsa ya ɓace. Tambayar takarda ke nan, kuma ban taɓa ɗaga wa yaro murya ba kafin in gama ta.

Lokacin fastocin zaɓen Afrilun 2003, shi wannan Yaya Babba ne ya taso ni da tsakar dare saboda shuɗin rigar wani ɗan takara ya fito kamar an wanke shi da toka. Hoton yana tsarin RGB na allo, inji kuwa launi huɗu na CMYK ya sani. Na gyara, na mayar da rubutun fastar zane da Ctrl+Q don kada wata kwamfuta ta sake neman samfuri. Ya ce madalla, bai ce komai ba game da littafin addu'o'i.

Yaran yanzu da ke tura PDF da haruffansa a ƙunshe, ga tsarin haruffa na Unicode ya ba ƙ da ɗ da ɓ gurbinsu na kansu, ba su san wannan wahala ba. Kuɗin da aka zaftare har yau ba a mayar mini ba, kuma a ranar rabon gadon Kawu na tayar da maganar a gaban Baffa. Abin da Yaya Babba ya amsa shi ne zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.