Inda na kai wajen karanta haruffan masu tara tsabar kuɗi

'Yan'uwa masu koyo, a wannan zangon na dakatar da neman sababbin tsabobi, na koma kan rubutun da ake yi a ƙarƙashinsu. Duk wanda ya buɗe kundin masu tara kuɗi ya san yadda layi ɗaya kan cika da haruffa da lambobi, ba cikakkiyar kalma ko ɗaya. Abin da na gano shi ne haddace su ɗaya bayan ɗaya ba ya kai mutum ko'ina, domin a wannan harka wurin da harafi ya zauna a layi shi ke nuna abin da yake nufi.

Ku ɗauki fenik 10 na Jamus ta Yamma, na shekarar 1950. In an rubuta 1950 G, sannan a ƙarshen layi aka sa F, to G ɗin da ke manne da shekara gidan buga kuɗi na Karlsruhe ne, F kuma matakin lafiyar tsabar ce, wato ta sha hannu amma manyan zanenta na nan. In aka juya su, 1950 F sannan G a ƙarshe, an buga ta a Stuttgart, kuma ta suɗe ƙwarai. Haruffa biyu ne dai, amma tsabobin daban ne. Haka D take: a kuɗin Jamus Munich ce, a kuɗin Amurka na wannan zamani Denver ce. Na rubuta su a kati, ƙasa bayan ƙasa: A ta Berlin, J ta Hamburg, S ta San Francisco, CC ta Carson City, H kuma ta kamfanin Heaton na Birmingham da ya buga wa ƙasashe da dama kuɗi.

Matakan lafiya su ne suka fi cin lokacina, kuma sun cancanci haka. Daga ƙasa zuwa sama ana tafiya ne AG, G, VG, F, VF, XF ko EF, AU, sannan MS. Sabon shiga ya yi hattara da G. Kalmar Turancin da ta tsaya mata tana nufin "mai kyau", alhali tsabar da aka ba G kusan duk ƙananan zanenta sun shafe, shekara da siffar kai kawai ake iya gani sosai. Lambobin da ke biye da haruffan, irin su VF-20 da XF-40 da AU-50, sun samo asali daga ma'aunin da William Sheldon ya fitar a 1949 domin manyan santi na farko na Amurka, daga 1 zuwa 70. Tunaninsa a lokacin shi ne tsaba mai 70 ta ninka mai 1 sau saba'in a daraja. Wannan lissafi ya daɗe da rushewa, amma lambobin sun zauna. Daga 60 zuwa 70 na tsabar da ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba ce, ita ce MS, wasu su rubuta UNC.

A nan ne nake ganin karatu kawai ba ya isa. Na jera tsabobi iri ɗaya a ƙarƙashin fitila, na riƙe kowace ta gefenta, ina karkata ta a hankali da gilashin ƙara girma a ɗaya hannun. Wuraren da suka fi tudu ake fara duba, kamar kunci da gashin da ke saman kunne. A kan wadda ba ta taɓa yawo ba, ƙyallin yana zagayawa ba yankewa yayin da kake juya ta. A kan AU, wato wadda ta ɗan yi yawo kaɗan, sai ka ga ya tsinke a saman kuncin, an bar ɗan fili mai duhu-duhu. Tazarar AU-58 da MS-60 ke nan, kuma sai ido ya gani yake yarda.

PR da PF ba matakin lafiya ba ne. Suna nufin an buga tsabar ta hanya ta musamman domin masu tarawa. PCGS, wanda aka kafa a 1986, yana rubuta PR, NGC na 1987 kuma PF. Su ne kamfanonin da ke tantance tsaba su rufe ta a cikin roba mai tauri. In sun ga an taɓa goge ta, ba sa ba ta lamba, sai su rubuta aibin a jiki. Saboda haka kada ku goge tsaba, ko da ta yi baƙi ƙirin.

Sauran ba su da wuya. Obv. gaban tsaba, Rev. bayanta. AV zinariya, AR azurfa, AE tagulla da danginta, duk daga Latin. KM da lamba a gefe, lambar tsabar ce a kundin Krause da Mishler.

Da wannan na iya karanta sanannen layin nan, 1909-S VDB MS65 RD, ba tare da taimako ba: santin Lincoln na 1909, bugun San Francisco, ɗauke da haruffan sunan mai zanensa Victor David Brenner a baya, wanda guda 484,000 kacal aka buga, bai taɓa yawo ba, kuma jan launinsa na asali bai dushe ba. RB na wanda ya fara rinewa ne, BN na wanda ya rine gaba ɗaya.

Abin da ke gabana yanzu shi ne DDO na gaban tsaba da DDR na bayanta, inda rubutu ke fitowa biyu-biyu saboda kuskure a jikin ƙarfen bugawa, kamar santin 1955. Ina so in iya bambanta shi da ruɓanyar da girgizar inji ke jawowa, wadda masu tarawa ba sa ba ta wata daraja.