Ƙafar Tarago a Baltimo

Da hantsi na shiga jirgin ƙasa daga Washington, kuma cikin sa'a guda da 'yan mintuna na sauka a tashar Camden da ke Baltimo, inda na taka zuwa gidan tarihin kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore and Ohio. Babban zaurensa mai kusurwa 22 an gina shi a 1884, kuma dusar ƙanƙara ta taɓa rufta rufinsa a 2003. Jama'a sun yi dafifi wajen kawunan jirage, ni kuwa na tsuguna gindin wani tsohon taragon kaya, domin tun ina yaro a Zariya ƙafafun jirgi ne suke ɗaukar hankalina.

Wani dattijo mai yi wa baƙi jagora ya ce in leƙa bayan ƙafar. Sai na ga wasu jijiyoyi a lanƙwashe, waɗanda da su ake gane ƙafar ƙarfen zubi. Aikin bai yi nisa da na masu zubin tukwane a yashi ba, sai dai a nan ana kewaye bakin mazubin da zoben ƙarfe, ta yadda gefen da zai hau dogo zai huce nan take ya yi tauri ƙwarai, cikin kuma ya huce a hankali don kada ya zama mai saurin fashewa. Bayan haka akan jera ƙafafun cikin rami a rufe na kwanaki, dabarar da Asa Whitney na Filadelfiya ya yi wa rajista a 1848.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da ya sa aka kafa wa ƙafafun tarago ƙa'ida ɗaya. Taragon kaya yakan bar layin mai shi ya yi watanni a layin wasu kamfanoni, saboda haka dole maƙerin da bai taɓa ganinsa ba ya iya canja masa ƙafa. Ƙungiyar manyan maƙeran tarago, wadda aka kafa a 1867, ta tsayar da faɗin da'irar ƙafa a inci 33, ta kuma ƙayyade siffar leɓen da ke riƙe dogo da nauyin ƙafa gwargwadon lodin tarago. Gwajin ma babu sassauci a cikinsa, domin akan sako wa ƙafa nauyi daga sama, a kuma zuba narkakken ƙarfe kewaye da bakinta, in ta tsage cikin minti 2 a ƙi karɓar 'yan'uwanta.

Wannan gwaji na biyu zafin birki yake kwaikwayo, kuma zafin ne ya ci ƙarfin ƙafar zubi a ƙarshe, da lodi da gudu suka ƙaru. Zuwa farkon shekarun 1970 an riga an hana ta zirga-zirga tsakanin kamfanoni, ƙarfen sitil ya gaje ta. Da la'asar na koma tasha da tsatsa a tafin hannu, na tsaya bakin dandamali ina leƙen ƙafafun jirgin da zai mayar da ni, bayansu sumul babu jijiya ko ɗaya.