Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Baba Kafinta

A makon jiya na tsaya a inda aka sa ni firamare. Kafin in wuce, dole in yi zango a kan mahaifina, don wanda bai san Baba ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba.

Gidanmu yana Wusasa, gab da Dutsen Kufena, inda 'yan mishan na CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, suka koma a 1929 bayan sun bar cikin birnin Zariya. A hannunsu Baba ya koyi kafinta yana saurayi, kuma a majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa, aka yi masa baftisma, aka ɗaura masa aure. Baƙi kan yi mamakin ganin Bahaushe da babbar riga da zanna bukar ya nufi sujada ranar Lahadi. Mu a haka muka buɗe ido.

Da asuba, ladan na kiran salla a unguwar maƙwabta, Baba na ƙwanƙwasa ƙofofinmu. Sai mu taru a tsakar gida da fitilar ƙwai, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, tsohuwar fassarar nan ta 1932 da Dokta Mila, wani Bature ɗan mishan, ya yi aiki a kanta. Bangonta ya ɓalle tun ban san kaina ba, ya kai wa baduku ya ɗinka mata na fata. Ko da sabuwar fassara ta fito yayana ya saya masa, godiya ya yi, ya ajiye ta a akwati. Wai harshensa ya riga ya saba da tsohuwar. Addu'arsa kuwa doguwa ce ƙwarai. Yana ambatar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da na ƙauyuka, mu kuma muna gyangyaɗi a kan gwiwa.

Shi ne ma'ajin wata ƙaramar ikilisiyar ƙauye da yake zuwa a keke. In ya dawo da baiko, wato kuɗin da masu sujada suka bayar, sai ya baza tabarma a zaure, ya kira shaidu biyu, ya jera kwabo gefe, sisi gefe, sule gefe. Da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973, tsofaffi suka rikice, zaurenmu ya koma aji: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Ya maimaita wannan har murya ta dishe. Ko ranar da ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, bai taɓa cewa bari ya ranci kwabo a gwangwanin nan ba.

Abin da aka fi saninsa da shi dai akwatin gawa ne. In aka yi rasuwa a cikin ikilisiya, ko tsakar dare ne, za ka ji zarto na aiki a bayan gida. Ni nake riƙe masa fitila. Yakan tafi da igiya ya auno mamacin da kansa, ya dawo ya ƙulla ta a inda tsawon ya tsaya, ya sa ƙusoshi a baki yana zaro su ɗaya ɗaya, yana rera waƙar sujada ta hanci. Ba ya karɓar ladan aiki. Katako ma in masu gawar ba su da hali, sai ya ce a bari sai kaka, kakar kuwa ba ta zuwa. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa binnewa da akwati, amma shi yake gyara musu makara in ta karye, kuma da shi ake haƙar kabari.

Mutane suna yabon Baba, ni ma ina yabonsa, amma gaskiya ita ce Inna ce ta biya rabin wannan alheri. A farin 1973, da mutane suka yi ta gangarowa daga arewa har daga Nijar da ƙoƙo a hannu, Baba ya buɗe rumbu. Na ji Inna da kunnena tana cewa, "Malam, ka dubi yaran nan. Damina da saura." Ya ce, "Uwargida, wanda ya ciyar da Iliya ta bakin hankaki bai yi barci ba." Ta ce, "Hankakan nan dai ni ce." Washegari ta kai kwanukan aurenta kasuwa, ta dawo da dawa. A taron jana'izarsa an yi ta jawabai, ba wanda ya ambaci kwanukan nan sai wata tsohuwa daga Zumuntar Mata.

A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya aka ƙona majami'u, limamin unguwar da ke kusa da mu ya zo da kansa ya zauna a ƙofar zaurenmu da carbi, bai tashi ba sai da ƙura ta lafa. Baba bai taɓa mai da wannan abin labari ba. Da aka fara gyara, shi ya yi wa wata majami'a bencina, yana aiki yana hutawa, don a lokacin ƙirji ya fara damunsa.

Bai daɗe sosai ba bayan haka ya yi barci cikin Ubangiji. Da muka buɗe shagonsa neman katako, muka tarar ya riga ya yanka nasa, ya ɗaure da igiya, ya rubuta da fensir: "Wannan nawa ne, na biya." Yaransa na shago suka haɗa shi a daren.

A mako mai zuwa zan koma firamare, in ba ku labarin yadda Baba ya kai ni gaban hedimasta da kansa a kan sule ɗaya da na tsinta.