Tumfafiyar Bayan Katanga

Shekara da shekaru ina sare tumfafiyar da ke bayan katangarmu a unguwar Yelwa, nan Garwa. In sare ta da rani, ruwa ɗaya ya sauka ta sake toho kamar da gayya. Ba a cinta, inuwarta ba ta ishi akuya ba, ga nonon nan nata da iyaye suka tsorata mu da shi tun muna yara, cewa in ya shiga ido sai makanta. A daminar 2022 na wasa adda zan sake yi mata aski, sai ga autata, lokacin tana shekara takwas, ta shigo da ganye ɗaya a tafin hannu.

"Baba, dubi tsutsa mai riga."

Uwarta ko juyowa ba ta yi ba daga bakin murhu. Ta ce, "Yar da ƙazantar nan kafin ta sa miki ƙaiƙayi." Ni ma na ɗauka gizaka ce. Da na duba sai na ga ba ta da gashi ko ɗaya. Jikinta sumul, an ja mata zane baƙi da fari da ruwan ɗorawa, layi bayan layi, ga wasu siraran ƙahoni masu laushi guda shida, biyu wajen kai, biyu a gadon baya, biyu wajen wutsiya. Ni tela ne, aikin surfani na gada, kuma duk wanda ya san wahalar jera zare layi ya miƙe ba zai ga wannan aiki ya wuce ba. Na jingine addar.

Kuskuren farko a ranar muka yi shi. Muka saka ta a kwalba, muka rufe ruf, muka tsinko mata ganyen zogale da yakuwa da alayyafo, wai mun karrama baƙuwa. Ta kwana ta wuni tana zagaye kwalba ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na kira ƙanena da ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Marwa. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Yaya, a kan wane ganye aka same ta?" Na ce tumfafiya. Ya ce to ita da danginta kaɗai za ta ci, ko da yunwa za ta kashe ta. Kowace irin tsutsa da nata ganyen, uwar ce take zaɓa mata tun ranar da ta saka ƙwai, kuma da ƙafa take ɗanɗana ganye ta gane shi. Na yi dariya, na ce ɗanɗano da ƙafa kuma? Ya ce in je in zauna gindin tumfafiya in gani.

Na je na zauna. Wajen hantsi sai ga malam-buɗe-littafi ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari, fiffiken baya kuma fari. Ya sauka a ganye, ya ɗan bubbuga da ƙafafun gaba, ya lanƙwasa ciki zuwa ƙasan ganyen, ya tashi. Na juya ganyen. Ƙwai ɗaya tal, fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba. Ashe macen ce. Sau nawa na sare wannan itace da ƙwai irin wannan a jiki na jefa a bola, Allah kaɗai ya sani.

Muka sake shiri. Bokitin roba mai haske wanda ake ganin ciki, tsohon gidan sauro muka yanka muka ɗaure a bakinsa da igiyar roba, takarda a ƙasa, sai 'yan tsinke biyu a tsaye. Takardar kullum sai an sauya, domin tsutsa ba ta da aiki sai ci da kashi, kuma kashin in ya haɗu da laima yana yin fumfuna. Ganye kuma da safe ake kawo sabo. Daga baya na gane ya fi sauƙi a yanko reshe ƙarami a tsoma gindinsa a 'yar kwalbar ruwa, amma a toshe bakin kwalbar da auduga. Wanda bai toshe ba zai tarar da tsutsarsa ta gangara ta nutse. Mun rasa ɗaya haka. Dokar da na kafa wa yara kuwa ita ce, duk wanda ya taɓa tumfafiya ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai shi fuska, don maganar iyaye kan nonon nan gaskiya ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ƙaramar tsutsa take cin ganyen. Tana fitowa daga ƙwai, bayan kwana uku ko huɗu, sai ta fara cinye kwanson ƙwan nata. Sannan ba ta afka wa ganye haka kawai. Sai ta tsaga ɗan zobe a jikinsa, ta bari nonon ya tsiyaye ta gefen tsagar, ta koma tsakiyar zoben ta ci a natse. Ba don haka ba, ƙaron zai liƙe mata baki. In ka ga ganyen tumfafiya da 'yan ramuka zagayayyu, ka duba ƙasansa, mai aikin tana nan kusa. Dafin da ke cikin ganyen kuma ba ya kashe ta, tara shi take yi a jiki, ya bi ta har ta zama mai fiffike. Tsuntsun da ya taɓa haɗiyar ɗaya ya yi amai ba ya sake kusantar mai irin wannan launi. Shi ya sa za ka ga wannan malamin yana tafiya a iska sannu-sannu kamar basarake, alhali sauran 'yan uwansa fir-fir suke yi kamar an koro su. Ƙanena ya ce a littafi sunansa Danaus chrysippus, tun 1758 aka raɗa masa, kuma ɗan uwa ne ga wanda ke ƙaura daga Kanada zuwa Meziko kowace shekara. Namu dai ba ya wannan doguwar tafiya, tumfafiya ba ta yanke masa.

Sau huɗu tsutsar take tuɓe fata tana girma. Kafin kowace tuɓewa sai ta daina ci, ta lafe wuri ɗaya kusan yini guda. Karon farko autata ta yi ta kuka wai ta mutu, har ta ɗauko tsinke za ta zungure ta, na riƙe hannunta. A wannan hali ba a taɓa ta, ba a ɗaga ta daga inda ta manne.

Bayan kamar mako biyu ta kai tsawon gaɓa biyu na yatsa, sai ta bar ganye gaba ɗaya ta hau sama. Ta saƙa ɗan zare a jikin gidan sauron, ta maƙale da wutsiya, ta rataya kai ƙasa a lanƙwashe kamar harafin lam a allo. Haka ta kwana. Washegari ina shan kunu sai yarinya ta ƙwala mini kira. Fatar ta tsage daga bayan kai, wani abu kore yana murɗawa yana tura rigar nan mai zane sama, sama, har ta tattare ta faɗo kamar ƙullin zare. Cikin 'yan mintoci an gama. Abin da ya rage a rataye, da ya bushe, kore ne shar mai santsi, da ɗige-ɗigen zinariya da wani siririn layi baƙi. Autata ta ce, "Baba, ta zama ɗan kunne." Sunan da muke kiransa ke nan a gidan har yau. Wasu 'yan kunnen kan fito da ɗan ja-ja maimakon kore, duk lafiyarsu lau.

Namu na farko kwana tara ya yi. A daren na takwas ya yi duhu, na haska tocila na hango launin goro da ɗigon fari ta cikin kwanson. Na dawo daga sallar asuba na zauna gabansa, rana ta ɗan ɗaga sai kwanson ya tsage. Wanda ya fito bai yi kama da abin da nake jira ba: ciki ƙato, fiffike a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Ya riƙe kwanson da ƙafa ya rataya. A gaban idona cikin ya riƙa raguwa, fiffiken yana miƙewa, domin ruwan jikinsa yake turawa cikin jijiyoyin fiffiken. Ya ɗigar da wani ruwa ja-ja a takarda, uwargida ta ce jini ne, ashe dattin da ya tara ne tun yana ƙunshe. Ya yi ta naɗe dogon bakinsa yana warwarewa. Bayan awa biyu ya buɗe littafin, ya rufe, ya buɗe. Muka kwance gidan sauron, ya haye katanga.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum haka ake gamawa. A cikin goma sha bakwai da muka tara a karo na biyu, shida kaɗai suka tashi.

Kiyashi ya cinye uku a dare ɗaya, sai da na koma tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa. Biyu suka dahu don na bar bokitin ƙarƙashin rumfar kwano, kuma wanda ya san zafin Garwa ya san ba sai Afrilu ba kwano ke gasa abu. Ɗaya ya zama ɗan kunne lafiya, kwana uku ya yi baƙi, wasu fararen tsutsotsi suka huda shi suka sauko. Wani irin ƙuda ne ke saka ƙwai a jikin tsutsar tun tana waje, 'ya'yansa su ci ta daga ciki. Maganin wannan shi ne a ɗauko ƙwai ko 'yan ƙanana, a bar manyan. Huɗu kuwa ni na kashe su da hannuna. Ganyen gida ya ƙare, na hau babur na bi hanyar Pitowa, na ga tumfafiya lafiyayya a gefen wata gonar auduga, na cika buhu. Ban yi tunanin an yi feshi ba. Kafin la'asar suna murɗe-murɗe suna aman kore. Na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai: ya fito daga kwanso ya zame ya faɗa gindin bokiti, robar ta yi masa santsi ya kasa hawa, fiffiken ya bushe a naɗe. Kwana huɗu muna ba shi ruwan sukari a auduga, bai taɓa tashi ba. Tun daga nan nake zuro ƙyallen gidan sauro har ƙasan bokitin don a samu abin kamawa.

Rigima da uwargida a kan lemun tsami ta taso. Bishiyar tata ce, ita ta dasa. Wata rana na ga kashin tsuntsu a kan ganye, baƙi da fari, na kai hannu zan karkaɗe, kashi ya motsa. Tsutsa ce ta yi shigar kashi don tsuntsu ya ƙyale ta. In ta girma sai ta koma kore kamar ganyen, in ka taɓa ta kuma ta zaro wani ƙaho mai reshe biyu ruwan goro daga bayan kai, da wari kamar ruɓaɓɓen lemo. Ita ce ke zama babban malamin nan baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa. Ƙunshinta ba ya rataya, jingina yake a reshe da ɗamarar zare, launinsa kamar busasshen itace. Uwargida ta ce ita ba ta dasa lemo don tsutsa ba, kuma tana da gaskiya, ƙaramin dashe suna iya yi masa tas. Muka yi sulhu: na shuka 'ya'yan lemo a tsofaffin bokitai uku, duk tsutsar da ta gani a bishiyarta ta kira yara su mayar da ita can.

Ba na cewa manomi ya so tsutsa. Kawun yarana yana noman masara, kuma tun da tsutsar nan ta Amurka ta shigo Afirka a 2016 take cin zuciyar masara, bai da abin faɗa kan jinsinsu sai tsinuwa. Ita ma fiffike take yi, amma cikin masu yawon dare take, irin masu zagaye fitila. Abin da ba na so shi ne mutum ya ga tsutsa uku a lemonsa ya feshe gida duka da maganin auduga, har inda yara ke wasa. Hannu ya isa. Mu masu surfani ma bai kamata mu raina tsutsa ba, zaren tsamiya da kakanninmu suka yi wa manyan riguna aiki da shi daga saƙar tsutsar daji ake samunsa.

Yanzu bokitin ma ba kullum nake amfani da shi ba. Na bar tumfafiya uku a bayan katanga, na hana a nome tafasar da ke fitowa gefen rijiya, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira tasba suna miya da ita. A kanta fararen nan masu ɗan kore-kore suke saka ƙwai, su ne kuma ke taruwa a jiƙaƙƙen yashi inda ake zubar da ruwa suna tsotsar gishirin ƙasa, kamar yadda ake ganinsu a bakin Binuwai. Furen zogale yana jawo wasu, ruɓaɓɓen mangwaro yana jawo wasu. Har akwai wata mai kama da na tumfafiya sak, alhali ba ta da dafi ko kaɗan, aron riga ta yi don tsuntsu ya ji tsoro. Mijinta baƙi ne da manyan farare a fiffike. Kama da wane ba wane ba, ni kaina ta ruɗe ni damina guda.

Bara da kaka wata tsutsar lemo ta ƙunshe a jikin tsinke, hunturu ya shigo, mako biyu, mako huɗu, shiru. Na ce ya mutu, zan yar. Uwargida, wadda da ko kallon bokitin ba ta yi, ta karɓe tsinken ta soke shi a jikin labulen tagar ɗakinta, ta ce a bar shi tukuna. A mako na bakwai ina shago, kai a kan keke, waya ta yi ƙara.

"Malam, kana da aikin gaggawa ne?"

Na ce riga ɗaya ce, mai ita sai yamma.

Ta ce, "To taho yanzu. Takwaranka ya buɗe littafi, kuma yara suna makaranta, ban san yadda ake fitar da shi ba."