Littafin bashin Baba mai magani

Wata huɗu na yi ina zarya shagon Baba mai magani, nan kusa da babbar kasuwar Tawa, don in rubuta tarihinsa. Har yau in na tuna littafin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Hira dai mun sha ta. Ya ba ni labarin zamansa a farmasin gwamnati, ƙarƙashin ONPPC, hukumar magunguna ta ƙasar Nijar da aka kafa a 1962, da yadda ya buɗe nasa depo bayan ya ajiye aiki. Ni kuwa shekaru kawai nake farauta: yaushe ka fara, yaushe ka tashi daga wancan shago. Na cika waya da muryarsa, ina ganin na gama.

Wata ranar Lahadi, kasuwa na ci, wata mata ta shigo da ordonas, wato takardar maganin da likita ya rubuta, kuɗinta bai kai ba. Baba bai ce uffan ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani littafi mai baƙin bango, ɗaure da robar taya, ya rubuta. Da ta fita ya miƙo mini, ya ce, “Ɗana, ga abin da kake nema.”

Rubutun ajami ne, lambobin na boko. Ba ya sa sunan kowa, sai laƙabi: uwar tagwaye, nibakin, dala talatin, Buzu mai raƙumi, maganin ido. Kowace damina shafukan nibakin ne ke kumbura, ka ga zazzaɓin sauro ƙuru-ƙuru. Da muka iso 1994 sai littafin ya canza. A Janairun shekarar aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake kawowa daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, sai ga malaman makaranta da 'yan kasuwa a layin da da talakawa kaɗai ke ciki. Bayansa ga 1995, shekarar sanƙarau, inda ya ja layi kan wasu bai rubuta “ya biya” ba. Ban tambaye shi dalili ba, na gane.

Wayata na hannuna, caji cike. Minti goma sun isa in ɗauki hoton shafukan. Amma motar Yamai na jirana, sai na ce, “Baba, bari in na dawo.” Ya ce Allah ya kai mu.

Sati shida na yi. Na dawo na tarar an yi sadakar bakwai. Bayan gaisuwa, da kunya da komai, na tambayi Hajiya littafin. Ta ce, “Ai ya bar wasiyya a ƙona shi, ya yafe wa kowa.” Babban ɗansa ya cika umarni tun ran uku.

Ba ni da bakin magana, haƙƙinsa ne. Wataƙila ma da na nemi hoton ya hana ni, don sirrin mutane ne. Abin da ke ci mini rai shi ne ko tambaya ban yi ba. Duk mai son tarihin irin waɗannan shaguna, tun ranar farko ya nemi ganin littafin bashi, ya roƙi izini a take; shekarun buɗe shago ko maƙwabta sa ba shi.

Yanzu bin masu bashin nake ɗaya-ɗaya, mafi yawansu sai su ce ba su tuna ba. Wani tsohon mahauci ne kaɗai ya amsa. Washegari ya je wa Hajiya da jika biyu a ƙulle cikin leda, ta ƙi karɓa.